Kaftin Awatif da Ranakun Mata a Tafkin Jami'a

Ranar Talata, takwas ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Kaftin Awatif Abdurradi, mai koyar da ninƙaya a ɓangaren mata na jami'armu, bayan jinyar ciwon hanta da ta daɗe tana ɓoye mana. Mu duka na Allah ne, ita dai ta riga mu komawa.

Ba daga bakin danginta na ji ba. Talata ranar mata ce a tafkin ninƙaya, kuma da aka kai ta asibiti ranar Juma'a ta aiko mana cewa kar wadda ta yi fashi, tana nan zuwa. Na iso da jakata kamar kullum, sai na tarar da sarƙa a ƙofa. Ammu Khalaf, tsohon da ke gadin ginin wasanni, yana zaune a kan bencinsa, rediyonsa a kashe. Ban taɓa ganin rediyon nan a kashe ba.

Ya ce, "Koma, 'yata. Kaftin ta tafi."

Na ce, "Wani asibitin suka mayar da ita?"

Ya ɗaga yatsa sama, ya sauke, ya rufe fuskarsa da gefen rawaninsa.

Tun daga ranar sarƙar nan ba ta sauka domin mace ba. Doka ce ta jami'a, kuma ba zan kira ta muguwar doka ba: ba a buɗe wa mata tafki sai da mace mai takardar shaidar ceto zaune a kan doguwar kujerar da ke bakin ruwa. A jami'ar da ɗalibai mata suka kai dubbai, ke kaɗai ce mai wannan takarda, Kaftin. Da kika tafi, da ita kika tafi, da ranakunmu biyu, Talata da Alhamis, gaba ɗaya.

Ni ce Shuruk, wadda kike kira 'Yar Littafi. Kin san ba na iya buɗe baki a cikin mutane. A gidan makoki na zauna a lungu tun azahar har aka kira magariba, kowa na faɗin alherinki, ni ko uffan. Shi ya sa na rubuta. Akwai kuma labarin da ya kamata ki ji daga gare ni, ba shi da daɗi, zan kai gare shi.

Ba don ruwa na fara shiga ginin nan ba. Ina ajin farko, ban san kowa ba, ɗakin karatu cike da samari, filin ƙwallo nasu ne, ɗakin ɗaga ƙarfe nasu ne, har inuwar bishiyoyin da ke bayan filin gudu sun mamaye. Sai wata ta ce mini safiyar Talata da ta Alhamis babu namijin da ke shiga wajen tafki. Na je na hau can saman kujerun 'yan kallo, na buɗe littafin soyayyata a cikin bangon littafin tarihi. Wurin da ɗumi, ga ƙarar ruwa, ba mai kallona. Na yi makonni a haka ina zaton ba ki gan ni ba.

Rannan na ji usur ya tashi, sannan wata murya mai kaushi: "Ke, ta sama! Nan ɗakin karatu aka ce miki?"

Kika hauro da silifas ɗinki na roba, gajera, mai faɗin kafaɗa, usur na lilo a wuyanki. Kika zare littafin daga cikin bangon kamar mai zare ƙaya daga kifi.

Kika ce, "Me ake ciki?"

Na ce, "Ta faɗa kogi, Kaftin."

"To, sai aka yi yaya?"

"Tana ta ihu, shi kuma ya jiyo muryarta daga nesa."

Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki. Kika ce, "Wanda ya rubuta wannan ko a baho bai taɓa shaƙewa ba. Mai nutsewa ba ya ihu, 'yar nan. Bakin da zai yi ihun, da shi yake neman iska. Shiru yake tafiya, mutane na gefensa suna hira. Daga ina kike zuwa?"

Na ce daga hayin kogi na gabas.

"Da jirgin fito?"

"Safe da yamma."

"Kin iya ruwa?"

Na sunkuyar da kai.

Kika ce, "To wa kike jira ya tsamo ki? Na cikin littafin? Yana can gaban madubi yana taje gashinsa. Alhamis ki zo. Kar ki sayi komai, da kayan jikinki nake son ki."

Na ɗauka wasa ne. Ashe haka kike koyarwa, kuma ban ji an ce akwai wani mai yin haka ba. Duk yarinyar da ta zo miki, ranar farko da abayarta za ta shiga, da ɗankwalinta, da takalmanta, da jakar littattafanta a kafaɗa, kin cika ta da tsofaffin jaridu. Kina cewa kogin Nilu ba zai jira kowa ta canja kaya ba. Masu koyar da maza suna neman lambobin yabo, suna tsaye da agogo a hannu. Ke ba ki taɓa tambayar wa ta fi sauri ba. Abin da kike koyarwa shi ne yadda za a saki jaka, yadda za a tuɓe takalmi da yatsun ɗayar ƙafar, yadda za a kwanta rigingine a bar ruwa ya ɗauki nauyi, da yadda za a fita daga cikin abaya idan ta jiƙe ta naɗe ƙafafu kamar mai so ta tafi da mutum ƙasa.

Wannan na ƙarshen ne ya fi ba mu wuya, ba kuma don ƙarfi ba. Mata zalla ne a wurin, tagogi a rufe, amma da zarar riga ta fara zamewa sai ka ga hannu ya koma ƙirji da kansa, yarinya ta daina iyo tana kare jikinta, ruwa na shiga hancinta. Ni na fi kowa. Sau nawa kika sa doguwar sandar nan kika ƙwanƙwashe mini hannu, kina cewa, "Saki! Wa kike ɓoye wa, kifi?"

Sau ɗaya tak kika gaya mana dalili. Ranar sanyi ce, muna zaune a bakin tafki cikin tawul muna karkarwa. Kika ce kina da yaya, sunanta Insaf. Kina ƙarama jirgin fito ya kife da su dab da gaɓa, inda ruwa bai fi tsayin namiji da kaɗan ba. Maza suka taru suna miƙa sanduna da filafilai. Rigarta ta yage a faɗuwar, sai ta damƙe mayafinta a ƙirji da hannu biyu. Sanda ta zo har gaban fuskarta, ana ta ce mata ta kama, ba ta kama ba. Kika ce, "Hannu biyu Allah Ya ba ta, duka biyun ta ba kunya." Sannan kika ce, "Ku fito da ranku tukuna. In kun fito, ku yi kunyar shekara guda, ni zan zo in taya ku."

Daga ranar hannuna bai sake komawa ƙirji ba.

Alherinki ba irin mai taushin baki ba ne. Ba ki taɓa ce wa wata sannu da ƙoƙari ba, iyaka ki ce, "Yau dai ba ki mutu ba." Amma ke ce kika ɗinka labulayen manyan tagogin nan da tsofaffin zannuwan gadonki, saboda ana hango tafki daga benen sashen injiniya. Kowace ranar mata sai kin riga kowa zuwa kin rataya su da sanda, in an tashi ki sauke, don mai horar da maza ya ce suna hana shi haske. Ke ce mai zuwa da tulun shayi da gurasa da wake, kina cewa ragowar na gida ne, alhali mun san mutum biyu ne a gidanki. Kekunan motsa jiki biyu da aka jefo mana bayan maza sun gama da su, mijinki kika sa ya zo ranar hutu ya gyara. Kuma kina da na'urar busar da gashi a akwatinki. Ba kya barin kowace yarinya ta fita da danshi a kai, don kin san da yawa daga cikinmu gida ba a san muna shiga ruwa ba. Kina busarwa kina mita, kina ja mana gashi, kina cewa na wance kamar igiyar rijiya.

Ni warin maganin ruwa ne ya tona ni. Innarmu ta ji shi a kayana wajen wanki, ta tambaya, ban iya ƙarya ba, magana ta kai ga Baba. Bai yi faɗa ba, ba ya faɗa. Cewa kawai ya yi karatu ya aike ni, ba wanka ba. Na yi mako biyu ban zo ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga ki a ƙofar gidanmu, da baƙar abaya, kin haye kogi. Aka shimfiɗa miki tabarma a ƙarƙashin dabino, kusa da inda ake ɗaure ɓaunarmu ta kiwo. Ina bayan ƙofa ina saurare. Kika sha shayi, kika yaba gurasar Inna, kika tambayi farashin taki. Can kika kira Baba da sunan yayana, yadda kowa ke kiransa.

"Abu Mahran, wannan ɓaunar taka ce?"

"Tawa ce."

"Ta iya ruwa?"

Baba ya ce, "Wace ɓauna ce ba ta iya ruwa ba, Hajiya?"

"Ka gani? Ita da ba ta hawa jirgin fito ta iya. Wadda kake ɗorawa a kansa safe da yamma ba ta iya ba. Lallai ka iya kiwo, Allah Ya ƙara albarka."

Ban taɓa jin an yi wa Baba magana haka ba. Ya juya kofinsa a hannu, ya ce, "Ajali ba ya wuce ranarsa."

Kika ce, "Haka ne, wallahi. Amma na ga ka ɗaure ta da igiya."

Baba ya so ya haɗiye dariyar, ta fi ƙarfinsa, ta fito masa ta hanci. Da ya natsa ya ce, "Mata zalla?"

"Ko ƙuda ne zai shiga sai na duba ko mace ce."

"In namiji ya ga 'yata a ruwa, ni da ke ne."

Kika ce, "Ni da kai ne."

Da za ki tafi Inna ta cusa miki ƙwai da man shanu a jaka. Ranar Talata mu muka cinye su a bakin tafki.

Bara da kaka muka fara lura. Farin idonki ya koma ruwan ɗorawa, cikinki na tasowa, hannayenki na ramewa. Kika daina shiga ruwa. Daga baya ko tsanin doguwar kujerar ya gagare ki, sai mu biyu mu tallafe ki mu ɗora ki, ki lulluɓa da bargo, usur a baki. In an tambaye ki sai ki ce wake ne ya yi miki yawa. Damyana, ɗaya daga cikinmu, ce ta matsa miki, ita da take ajin ƙarshe kuma ba ta tsoron bakinki. Sai kika ce bayan rasuwar Insaf, a ƙoramar ban-ruwa ta bayan gonarku kika koya wa kanki iyo, a ɓoye, babu mai koya miki. A nan kika ɗauki tsargiya, ita ce ta zauna a hantarki tun kina yarinya. Kika ce, "Ruwa ya gama da Insaf kafin a tafasa shayi. Ni kuwa shekara da shekaru yana lallaɓa ni. Ko ba komai na ja masa rai."

Ba mu yi dariya ba. Kika ce mu 'yan baƙin ciki ne, ba mu san abin dariya ba.

Kin san abin da zai biyo baya, kin riga mu sani. Kin je wurin shugaban sashen wasanni kin roƙa a ɗauko wata mace mai takarda, aka ce babu gurbi. Saura hanya ɗaya: ɗaliba ta ci jarrabawar ceto, ta hau kujerar. Sau ɗaya ake yin ta a shekara, ƙarshen Afrilu, alƙalai su zo daga Alƙahira. Damyana ta fi kowa ƙarfi, amma bana take gamawa, aure zai kai ta Iskandariyya. Sauran kuwa, wadda gida bai san tana zuwa ba, da wadda aka yi wa baiko, da wadda ta ce ba za ta iya ba. Sai kika nuna ni da sandarki.

Na ce, "Ni, Kaftin? Ni da ko usur ba na iya busawa da ƙarfi?"

Kika ce, "Usur kowane jaki zai busa. Aikin kujerar nan kallo ne. Makonni kina can sama kina leƙen mutane ta saman littafi, kin ɗauka ban gani ba? Mai surutu ba ya ganin mai nutsewa. Ke za ki gani."

Babu wanda ya taɓa ce mini shiruna yana da amfani. A littattafan da nake karantawa, yarinya mai shiru jira take yi har wani ya lura da ita. Ke kin lura da ni, sai kika ɗora mini aiki.

Abu biyu suka tsaya mana. Na farko, a jarrabawar akwai ɗauko mutum-mutumin roba da ake cikawa da ruwa, a jefa shi can ƙasan wuri mai zurfi. Jami'a na da guda ɗaya, yana kulle a ma'ajin ƙungiyar maza. Kin aika, kin je da kanki kina dafa bango, kullum sai gobe. Har aka ce wai mata za su huda shi da farce. Don haka Damyana ce ta zama gawarmu. Ta nutse ta kwanta a ƙasa, in bi ta in ɗauko. Tana fitowa tana cewa, "Ki ja ni a hankali, ke, akwai mai jirana a coci." Ke kuma daga kan kujera kina ihu, "Damyana, ki mutu da kyau mana! Gawa tana buga ƙafa ne?" Da ƙarfinki yana nan, na san da kin shiga kin nuna mini bambancin. Kin faɗa mini da baki, amma akwai abin da baki ba ya koyarwa.

Na biyu, alƙalan duk maza ne, a ranar ba a rataya labule, kuma ƙofa a buɗe take ga kowa. Kin ce kar in damu, za ki sake haye kogi ki sha shayin Abu Mahran, kina da sauran magana a kan ɓaunarsa. Juma'ar da kika sa ita ce Juma'ar da aka kai ki asibiti.

A gidan makoki na ga abin da ban sani ba. Mata suka cika tsakar gida har titi, wasu da furfura, wasu da goyo, wasu da zanen gicciye a wuyan hannu, duk sun bi ta hannunki. Wata malamar firamare daga kudu ta ce shekarun baya ɗanta ya zame cikin ƙorama, maza na gona, ta tuɓe abayarta a gaban duk wanda ke wurin ta faɗa. Ta nuna mana yaron, ya yi tsayi, yana tsaye a bakin ƙofa yana jin kunya. Ta ce har yau ana yi mata gori a ƙauyen, ita kuwa ko a jikinta. Mahaifiyarki tana zaune a tsakiya, ba ta gani sosai, tana tambayar su wa ye waɗannan duka. Aka ce mata, 'ya'yan Awatif ne. Ta ce, "Ɗa ɗaya na san ta haifa."

Saura ni da Baba. Tun da nake ban taɓa fara yi masa magana ba, sai dai ya tambaya in amsa. Na same shi da yamma yana zuba wa ɓauna ciyawa. Na tsaya a bayansa har ya juyo. Na ce Kaftin ta rasu, ya ce ya ji, Allah Ya jiƙanta, mace ce mai kamar maza. Na ce akwai jarrabawa, in ban yi ba an rufe wa mata tafki. Na ce maza ne alƙalan, kuma za a yi kallo. Ban san ko ya ji duka ba. Ya ci gaba da zuba ciyawa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, kwanaki suka wuce, girbin alkama ya kama, yana fita tun asuba.

Safiyar jarrabawa na fito da jakata ban san ko zan wuce ƙofar gida ba. Sai na gan shi tsaye a waje da jallabiyarsa ta Juma'a, da rawani, da sandarsa. Ya ce, "Wuce mu tafi, kar jirgi ya bar mu." Muna tsakiyar kogi, yana kallon ruwa, ya ce, "Matar nan ta ce ni da ita ne. Ga shi ta zame ta bar ni da maganar ni kaɗai."

Kujerun 'yan kallo sun cika da samari, Kaftin. Labari ya zaga cewa mace za ta yi. Wasu na cin 'ya'yan kabewa suna tofar da ɓawo, wasu sun riga sun ɗaga wayoyi. Na ja na tsaya a bakin ƙofa. Baba ya wuce ni, ya ja kujerar roba ya ajiye a bakin tafki, ya juya wa ruwa baya, ya fuskanci samarin, ya ɗora sandarsa a kan gwiwoyinsa. Wayoyin suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Har aka gama bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Ammu Khalaf ya tsaya kusa da shi, shi ne ya gaya mini daga baya cewa duk lokacin da Baba ya ji ruwa ya yi shiru sai ya ce, "Ta fito?"

Da dogon wando na shiga, da riga mai dogon hannu, da hula. Na yi iyon nisa cikin lokaci. Na tsaya a ruwa hannuwana a sama har aka busa. Na nuna yadda ake kwance hannun wanda ya shaƙe ka. Babban alƙalin, wani dattijo mai gashin baki, ya leƙo ya ce, "Wa ya koya miki iyo da kaya haka?" Na faɗi sunanki da ƙarfi, kowa ya ji. Wannan kaɗai na iya yi miki a ranar.

Sai aka jefa mutum-mutumin.

Na nutsa, na same shi kwance a ƙasa, na sa hannu a hammatarsa yadda kika koya mini, na buga ƙasa da ƙafa. Bai taso ba. Kaftin, ashe mai rai yana taimakonka ko da bai sani ba. Damyana, duk mutuwar da take yi, akwai iska a ƙirjinta, jikinta yana son sama. Wannan ba ya son komai. Na ja shi, na ja, har na ga hasken saman ruwa, sai ya sulluɓe daga hannuna ya koma a hankali. Na fito na shaƙi iska na sake bi. Karo na biyu na kawo shi har kansa ya ɓullo, ina jan shi zuwa gefe, ƙirjina kamar zai tsage, sai na ji usur. Lokaci ya cika. Tsakanina da bango bai fi tsayin mutum biyu ba.

Na faɗi jarrabawar, Kaftin. Labarin ke nan.

Dattijon ya ce, "Baɗi, 'yata. Saura kaɗan." Damyana ta lulluɓe ni da bargo tana kuka tana zagin kanta, wai ita ce ba ta iya mutuwa ba. Kafin mako ya zagayo aka ba ƙungiyar maza safiyar Talata da ta Alhamis, har sai an sami mace mai takarda. Labulayenki suna naɗe a akwati a ɗakin Ammu Khalaf. Ban san inda zan yi horo ba, tunda ƙofar da zan koya a bayanta ita ce take jiran in ci kafin ta buɗe.

A jirgin komawa ni da Baba muka zauna a baya. Jirgin ya cika maƙil, har ruwa na lasar gefensa. 'Yan ajin farko na ƙauyukanmu sun jingina da ƙarfen baki, da dogayen abayoyinsu, sun rungume littattafai a ƙirji da hannu biyu, suna dariya. Na san su. Babu ko ɗaya a cikinsu da ta taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarta, kuma bana babu mai koya musu. Na kasa ɗauke ido daga kansu har muka kusa gaɓa.

Da mai jirgi ya jefa igiya, Baba ya juyo gare ni. Ya ce, "Abin nan da ya gagare ki, nauyinsa ya kai buhun taki?"

Na ce, "Ya kusa, Baba."

Ya jinjina kai. Ya miƙe, ya gyara rawaninsa, ya ce, "Baɗi ki faɗa mini da wuri, in nemi wanda zai tsaya mini a gona. Ba a barin alkama haka."

Ya Allah, ga baiwarKa Awatif ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya shi. Ka sa ciwon da ta ɗauka shekaru ba ta kai ƙara ga kowa ba ya zama kankarar zunubanta. Duk numfashin da wata mace ta shaƙa bayan ta fito daga ruwa saboda abin da ta koya mata, Ka rubuta mata shi sadaka mai gudana. Ka haɗa ta da 'yar'uwarta Insaf a inda babu tsoro. Ka tsare 'yan matan da ke haye kogin nan safe da yamma har ƙofar ta buɗe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta, Usta Mahrus, wanda ya yi jinyarta shi kaɗai bai bari mun sani ba, da ɗanta Hazim da labari ya riske shi a Kuwait bai sami jana'iza ba, da mahaifiyarta Hajiya Tafida, wadda yanzu ta binne 'ya'ya mata biyu. Allah Ya ba ku haƙurin da ya fi ƙarfin wannan rashi. Mu ma, 'yan Talata da Alhamis, a yi mana ta'aziyya.